Likita Miller da Tarihin Ilmin Boko a Arewa: Sharhi a kan Hujjar da ke Cikin Littafinsa Reflections of a Pioneer

1.0 Gabatarwa

Duk malamin da ya taɓa koyar da tarihin ilmi a kwalejin horon malamai ya san amsar da ɗalibai kan rubuta idan aka tambaye su dalilin da ya sa Arewa ta kasance a baya wajen ilmin boko. Sukan ce 'yan mishan ne suka kai makaranta Kudu, a Arewa kuwa Gwamna Lugga ya yi wa sarakuna alkawarin ba za a taɓa addininsu ba, saboda haka aka hana mishan shiga, shi ke nan aka bar mu a baya. Wannan amsa ta zama kamar hadda, ana biya ta a Gusau kamar yadda ake biya ta a Zariya da Kano, mu kuma muna ba da maki a kanta shekara da shekaru.

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu koma ga ɗaya daga cikin mutanen da suka fi kowa yaɗa wannan bayani, watau Dokta Walter Miller na ƙungiyar mishan ta C.M.S., mu auna hujjarsa kamar yadda ya shimfiɗa ta a littafinsa Reflections of a Pioneer, wanda aka buga a Landan a 1936. Ra'ayinmu shi ne littafin ya ɗora laifi a kan mutane iri biyu, jami'an Turawa da sarakuna, ya kuma yi gaskiya a wurare da dama, amma ya tsallake dalili na uku, wanda yake a cikin irin makarantar da shi Miller ɗin ya kafa. Za mu ɗauki misalai daga Zazzau, inda ya zauna, da kuma ƙasar Gusau da Tsafe da Bunguɗu, inda sakamakon abin ya iso daga baya.

2.0 Mutumin da littafinsa

An haifi Miller a Ingila a 1872, ya yi karatun likita a asibitin St. Bartholomew da ke Landan. Kafin ya taka ƙasar Hausa sai da ya je Tarabulus ta Libiya ya koyi harshen a bakin fatake da mahajjata. A 1900 yana cikin ayarin mutum biyar da Bishop Tugwell ya jagoranta zuwa Kano. Sarkin Kano Alu Babba bai karɓe su ba, ya umarce su da su bar garin, suka juyo suka yada zango a Girku ta ƙasar Zazzau, inda ɗaya daga cikinsu, Dudley Ryder, ya rasu. A 1905 Miller ya sami zama a cikin birnin Zariya, ya buɗe ɗakin magani da makaranta. Nan ya zauna har zuwa wajejen 1929 da aka mayar da mishan ɗin Wusasa, a bayan gari. Shi ne jigon fassarar Littafi Mai Tsarki na Kirista zuwa Hausa, wadda ta fito a 1932. Ya rasu a Bukuru a 1952, bayan ya yi fiye da shekara hamsin yana hulɗa da Hausawa.

Littafin da muke nazari tarihin kai ne, amma tarihin kai irin na mai ƙara a gaban alƙali. Marubucin yana da zafin alƙalami, yana da ido wajen siffanta mutane da wurare, kuma ba ya jin nauyin ambaton wanda ya ɓata masa. Wannan shi ne daɗin littafin, shi ne kuma haɗarinsa. Mai karatu yakan bi shi daga Tarabulus zuwa Kano zuwa Girku, ya ga wahalar tafiya da mutuwar abokin tafiya, har tausayi ya kama shi, ta yadda in an zo kan maganar siyasa da makaranta ya riga ya zama ɗan goyon bayan mai ba da labari. Ya kamata mai nazari ya lura da wannan tsari, domin shaida ce ta mutum guda, wanda kuma yana da hannu dumu-dumu a cikin shari'ar da yake ba da labarinta.

3.0 Inda ya yi gaskiya

Adalci ya sa mu fara da abin da ba za a iya musa masa ba. Miller ya soki tsarin mulkin Turawa ta hannun sarakuna tun lokacin da ake ɗaukar tsarin kamar wahayi. Ya ga cewa Turawa sun ƙarfafa hannun masu sarauta fiye da yadda yake a da, sun kuma toshe wa talaka ƙofar kai kuka, sa'an nan suka laƙaba wa abin sunan kiyaye al'ada. Ya sake komawa kan wannan batu a wani littafinsa na 1947, Have We Failed in Nigeria?, shekaru kaɗan kafin Malam Aminu Kano da abokansa su kafa NEPU a 1950 su faɗi kusan abu ɗaya da harshensu. Ba mu ce daga wurinsa suka ɗauko ba. Ciwon a jikinsu yake. Amma dai abin lura ne cewa Baturen da ya zo wa'azi ya hango shi.

Haka kuma ya yi gaskiya da ya ce gwamnatin mulkin mallaka ba ta yi niyyar ilmantar da jama'a da yawa ba. Makarantar Nasarawa da Hanns Vischer, watau Ɗan Hausa, ya buɗe a Kano a 1909 an tsara ta ne don 'ya'yan sarakuna da malamai da masu sana'a kaɗan, da Hausa ake koyarwa, ana kuma ƙyashin ba yara Turanci don kada su zama irin 'yan bokon Legas masu ja da Bature. Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a farkon shekarun 1920, ita ma 'yan kaɗan take ɗauka a shekara daga dukkan lardunan Arewa. Makarantun 'yan mata na gwamnati kuwa sai a 1930 aka fara su a Kano da Katsina. A gidan Miller ana koyar da Turanci sosai, ana koyar da mata tare da maza, ba a kuma tambayar ɗan wane ne yaro kafin a ɗauke shi. Sakamakon ya bayyana. Daga wannan 'yar makaranta Dokta R. A. B. Dikko ya fito, likita na farko ɗan Arewa, wanda ya zama shugaban Jam'iyyar Mutanen Arewa a 1949. Daga Wusasa Farfesa Ishaya Audu ya fito, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, daga 1966 zuwa 1975. A can kuma Janar Yakubu Gowon ya tashi ya yi firamare. Ƙauye guda ya fitar da waɗannan, ai dole a jinjina wa malaman da suka yi aikin.

4.0 Abin da littafin ya tsallake

To amma a nan ne tambayarmu take. Idan makarantar ta yi kyau haka, kuma tana cikin birnin Zariya har shekara ashirin da huɗu, babu wanda ya rufe ta, me ya hana Zazzagawa tururuwa zuwa cikinta? Alkawarin da Lugga ya yi a Sakkwato a watan Maris na 1903 bai hana Miller zama a Zariya ba. Hasali ma Lugga abokinsa ne, Miller ya yi masa fassarar dokoki zuwa Hausa, kuma a 1906 ya gabatar masa da shirin kafa makarantar kwana ta 'ya'yan sarakuna da wata ta koya wa malamai rubutun boko, Lugga ya nuna amincewa. Gaskiya ne Gwamna Girouard da ya gaje shi bai yi ɗokin shirin ba, ya gwammace ya miƙa al'amarin ilmi ga Ɗan Hausa. Sai dai ko da Girouard ya amince, 'ya'yan wasu za a kawo, kuma iyayen suna da ta cewa. Miller bai taɓa ɓoye cewa wa'azi ya kawo shi ba, makaranta da magani hanyoyi ne na isa ga zukata. Uban da ya san haka, ya kuma hana ɗansa zuwa, ya fahimci cinikin da aka taya masa sarai. A cikin littafin irin wannan uba yakan fito ne a matsayin mai tsoron Sarki ko wanda duhun kai ya rufe. Mu kuwa muna ganin mutum ne da ya auna riba da hasara bisa ma'aunin da ya yarda da shi.

Hanyar da za a gane haka ita ce a dubi su wane ne suka cika makarantar. Kaso mai muhimmanci na ɗalibanta 'ya'yan Isawa ne, watau zuriyar almajiran Malam Ibrahim, malamin da aka kashe a Kano zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi saboda koyarwarsa a kan matsayin Annabi Isa (AS). Mabiyansa sun watsu zuwa wajejen Ningi da gabashin Zazzau, a 1913 wasunsu suka nemi Miller, aka kafa musu zama a Gimi, ciwon barci ya yi musu mummunar ɓarna, aka kwaso yaran da suka tsira zuwa Zariya. Mahaifin Ishaya Audu daga cikin waɗannan mutane yake. Sauran ɗaliban kuma akwai marayu, da waɗanda aka 'yanto daga bauta, da 'ya'yan masu wa'azi da suka zo daga wasu ƙasashe, kamar Malam Yohanna Gowon, mutumin Angas daga Filato. A taƙaice, makarantar ta yi nasara ne a kan yaran da, ko dai iyayensu sun riga sun raba gari da malaman birni, ko kuwa babu wani dangi mai ƙarfi da zai ja da Likita a kansu.

Wannan ya kawo mu ga tsarin tarbiyyar kansa, wanda a ganinmu shi ne zuciyar al'amarin, kuma shi ya fi shafar mu masu horon malamai. Makarantar Miller gida ce kafin ta zama aji. Yaro a wurinsa yake kwana, a wurinsa yake ci, shi ke yi masa magani, shi ke hukunta shi, har wasu suka ɗauki sunansa. Abin mamaki, wannan ya fi kama da zaman almajiri a gaban malaminsa fiye da makarantar gwamnati mai ƙararrawa da rajista, kuma wataƙila shi ya sa ya yi tasiri haka a kan waɗanda suka shiga. Amma malamin allo yakan mayar da yaro ga al'ummar da ta ba shi amanarsa, ya koma ya zama limaminsu ko alƙalinsu. Yaron Miller kuwa in ya gama, wata sabuwar al'umma yake shiga, mai wurin ibadarta da maƙabartarta da inda take neman aure. Komawar mishan daga cikin ganuwa zuwa Wusasa ta mayar da wannan rabuwa abin gani da ido. Irin wannan tsari yana iya fitar da gwanaye ashirin ko hamsin. Ba ya iya ilmantar da lardi, ko da gwamnati ta buɗe masa kowace ƙofa, domin kowane ɗalibi sai an cire shi daga wani gida tukuna.

Akwai kuma batun Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi, wanda ya yi sarauta daga 1903 har Turawa suka tuɓe shi a 1920 suka kai shi Lakwaja, inda ya rasu a 1924. An san cewa ƙorafe-ƙorafen da Miller ya riƙa kaiwa a kansa suna cikin abubuwan da suka jawo tuɓewar. Ba aikin wannan takarda ba ne ta yanke hukunci a kan zarge-zargen. Abin da ya dame mu shi ne yadda mutanen gari za su kalli lamarin: malamin makaranta yana da hannu a cire Sarki. Mu ɗaliban adabi kuma mun san wannan Sarki ta wata fuska, shi ne mawallafin Tabarƙoƙo da Waƙar Diga, mutumin da ke sarrafa Hausa a rubuce cikin ajami da gwanintar da har yau ake nazarinta a jami'o'i. Ashe a birni guda, a lokaci guda, akwai manyan marubuta Hausa biyu, ɗaya da ajami ɗaya da boko, kowane yana ganin ɗayan a matsayin masifa. Wanda ya karanta Miller shi kaɗai rabin wannan labari ya ji.

5.0 Harafi da zargi

Gadon Miller da ya fi yaɗuwa shi ne wanda muke amfani da shi a wannan takarda, watau rubuta Hausa da haruffan Rumawa. Ba shi ya fara ba. J. F. Schön ya riga shi da nahawu a 1862 da ƙamus a 1876, kuma daidaita ƙa'idojin rubutu aikin su Ɗan Hausa da Bargery da Rupert East ne. Amma a lokacin da ake gardama tsakanin Turawa a kan ko da ajami za a gudanar da mulki ko da boko, Miller yana cikin waɗanda suka tsaya kai da fata a kan boko, kuma yana da kunnen Lugga. Yana da kyau a tuna cewa Ɗan Hausa da Bargery, waɗanda suka zama ginshiƙan ilmin gwamnati, su ma da rigar C.M.S. suka fara shigowa ƙasar nan kafin su koma aikin gwamnati. Saboda haka bambancin da littafin ke yi tsakanin makarantar mishan da ta gwamnati bambanci ne da Bature ke gani. Talakan da ke kallo daga zaure, harafi ɗaya ya gani, fata ɗaya, wani lokaci ma mutum ɗaya ne ya sake riga. Paul Newman ya nuna a 2013 cewa kalmar boko asalinta Bahaushiya ce mai ma'anar jabu ko yaudara, kamar a amaryar boko, ba daga kalmar Turanci ta littafi aka aro ta ba. Sunan da jama'a suka raɗa wa sabon karatun ya isa shaida a kan yadda suka karɓe shi.

Duk da haka, bai kamata a zarce a ce almajiran Miller sun bar Hausa ba. John Tafida na Wusasa shi ya rubuta Jiki Magayi tare da East, ɗaya daga cikin littattafai biyar da suka fito bayan gasar 1933, tare da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi. Labarin Abubakar da Zainab da Malam Shehu da ɗansu Kyauta labari ne na auren kuɗi da sammu da ramuwar gayya, an gina shi kacokan a cikin rayuwar Hausawa Musulmi, babu ƙamshin wa'azin mishan a cikinsa. A ganinmu wannan ɗan littafi ya fi duk wani babi na Reflections nuna abin da makarantar ta iya yi idan ta saki ɗalibinta ya yi magana da mutanensa.

6.0 Daga Wusasa zuwa Tsafe da Gusau

A zamanin da muke magana, Gusau da Tsafe da Bunguɗu gundumomi ne a ƙarƙashin En'e ta Sakkwato, kuma a Lardin Sakkwato aka fi tsananta kiyaye alkawarin 1903. Ƙasa ce mai tsohon tarihin karatu; 'Yandoto, kusa da Tsafe, cibiyar malamai ce tun kafin jihadi, Gusau kuma malami ne ya kafa ta, Malam Sambo Ɗan Ashafa. Abin da ya buɗe ƙasar ga baƙi shi ne jirgin ƙasa, wanda ya taso daga Zariya ta Funtuwa da Tsafe ya iso Gusau a 1927, ya kai Ƙauran Namoda a 1929. Tare da cinikin gyaɗa da auduga sai ma'aikatan reluwe da akawuna da 'yan kasuwa daga Kudu suka sauka a Sabon Gari da majami'unsu da makarantunsu. Aikin Wusasa ma ya biyo wannan hanya har ya kafa reshe a Tsafe, ya fi mai da hankali ga ƙauyukan Maguzawa.

A nan ne hujjar Miller ta gamu da gwajin da ya fi dacewa da ita. Ga makarantun mishan sun iso, an bar su sun buɗe, amma 'ya'yan baƙi da 'ya'yan Maguzawa ne galibi suka cika su. Mutumin cikin gari ya ƙara tabbatar wa kansa abin da yake zato, cewa wannan karatu na wasu ne. Ita ma elementare ta En'e, wadda ake koyar da Alƙur'ani da Larabci a cikinta, zargin bai bar ta ba. Dattawa a Bunguɗu da kewaye suna ba da labarin yadda hakimi kan raba wa dagatai adadin yaran da za su kawo kamar haraji, da yadda iyaye kan ɓoye nasu a rumbu ko su tura su gabas karatu, masu hali kuma su ba da ɗan bara a madadin ɗan cikinsu. Ko a 1976, da gwamnatin tarayya ta kawo shirin firamare kyauta ga kowa, malaman da aka tura ƙauyukan wannan yanki sun sha fama da ragowar wannan gudu, alhali babu ɗan mishan ko ɗaya a cikin ajin.

Wanda ya ratsa wannan shinge a ƙasar Gusau ta ƙofar gwamnati ya ratsa. Malam Yahaya Gusau, malamin makaranta, yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa tare da Dokta Dikko da Abubakar Imam, daga baya kuma shi da Dikko suka zauna a majalisar zartarwa ɗaya ta tarayya zamanin Gowon, ɗaya yana riƙe da raya tattalin arziki, ɗaya ma'adinai da lantarki. Hanyoyin nan biyu da Miller ya ɗauka abokan gaba ne sun haɗu a tebur guda, kuma dukkansu 'yan tsiraru suka ɗauko. Ɗaya ta taƙaita kanta da gangan saboda siyasar Turawa, ɗayar kuma sharaɗin da ta gindaya ne ya taƙaita ta. Amsar da ɗalibanmu ke rubutawa ta farkon kaɗai take ambata, domin daga bakin mai ta biyun aka fara jin labarin.